Farin Shayi Mai Ƙamshin 'Ya'yan Itace: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Ɗanɗana Shi

Mutumin da ya taso da shayin safe mai kauri da madara, ko kuma shayin ƙaramar buta da ake dafawa a kan gawayi har sau uku, idan aka miƙa masa farin shayi a karon farko yakan kalli kofin ya yi zaton an manta ba a sa ganye ba. Ruwan garai-garai yake, ƙamshin mangwaro ko na rumman yana tashi, amma harshe bai ji abin da ya saba ji ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kan wannan shayi, kuma abin da nake so mai karatu ya iya a ƙarshe shi ne bambance haɗin farin shayi da ƙamshin 'ya'yan itace wanda ganyensa ke da rai a ƙarƙashin ƙamshin, da wanda ƙamshin ne kawai aka sayar masa.

Mene ne farin shayi, kuma me ya sa ake ce masa fari alhali ruwansa ba fari ba ne?

Farin shayi da koren shayi da baƙin shayi duk daga itace guda suke, wanda masana tsirrai ke kira Camellia sinensis. Abin da ya raba su shi ne yadda aka sarrafa ganyen bayan an tsinke shi. Baƙin shayi ana murza ganyensa ne a bar shi ya sha iska har ya yi duhu. Koren shayi kuwa ana saurin taɓa shi da zafi, ko dai a kasko ko a tururi, domin a tsayar da wannan canjin launi tun bai fara ba. Farin shayi ba a murza shi, ba a soya shi. Ana baza shi ne a kan faifan gora ya yi yaushi a hankali na kwana biyu zuwa uku, sannan a ƙarasa busar da shi da rana ko da ɗumi kaɗan. A cikin dukkan nau'o'in shayi, shi ne wanda hannun ɗan Adam ya fi ƙarancin taɓawa, kuma wannan ne ya sa kuskure kaɗan wajen shanya yakan bayyana a kofi ba tare da wani abu ya rufe shi ba.

Sunan ya samo asali ne daga tohon ganyen. Kafin toho ya buɗe, wani lallausan gashi mai launin azurfa yakan lulluɓe shi, kuma idan ya bushe sai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ruwan da yake bayarwa kuwa launin karan dawa busasshe ne, wani lokaci ya ɗan karkata zuwa ruwan zuma da aka tsinka. Idan aka ɗaga tambulan ɗin aka haska shi da rana, za a ga ƙananan gashin suna yawo a ciki suna ƙyalli. Wannan ba datti ba ne, alama ce ta cewa akwai toho na gaske a cikin haɗin.

Daga ina yake fitowa, kuma wane iri ake sa wa ƙamshin 'ya'yan itace?

Gidansa na asali shi ne lardin Fujian da ke kudu maso gabashin ƙasar Sin, musamman yankunan Fuding da Zhenghe, inda ake noman wani irin itacen shayi mai manyan toho da suke kira Da Bai. Ana tsinkar mafi daraja a ƙarshen watan Maris da farkon Afrilu, lokacin da sanyi ya ja baya itatuwa suka fara fitar da sabon tsiro. A yau ana yin farin shayi a lardin Yunnan, da Darjeeling a Indiya, da Siri Lanka, har da Kenya da Malawi a nahiyarmu, amma har yanzu da na Fujian ake auna sauran.

Sinawa sun kasa shi daraja-daraja. Na ƙoli shi ne Baihao Yinzhen, wato allurar azurfa, wanda toho ne zalla babu ganye ko ɗaya. Mai bi masa shi ne Bai Mudan, toho ɗaya da ganye biyu na kusa da shi. Sai Gong Mei da Shou Mei, waɗanda ganyensu ya fi girma ya fi duhu, kuma akan tsinke su daga baya. Galibin haɗe-haɗen da ke ɗauke da ƙamshin 'ya'yan itace an gina su ne a kan Bai Mudan ko Shou Mei, kuma ni ban ga aibu a wannan ba. Allurar azurfa tana da tsada, ɗanɗanonta kuma siriri ne ƙwarai, saboda haka zuba mata ƙamshin abarba tamkar rina farar shadda mai tsada ne da baƙin shuni. Bai Mudan yana da jikin da zai ɗauki ƙamshin ya kuma ci gaba da jin kansa.

Yaya ɗanɗanon farin shayi yake idan ba a haɗa shi da komai ba?

Ya kamata a san wannan tukuna, domin wanda bai taɓa shan shi tsura ba ba zai gane abin da yake nema a cikin haɗin ba. Farin shayi mai kyau yana da wani zaƙi mai nisa, irin na ɗanyen kara da yara ke tsotsa a gona, da ƙamshi mai kama da na ciyawar da aka yanka ta kwana biyu tana bushewa a inuwa. A wasu ana jin alamar zuma, a wasu alamar kokwamba ko ɓawon kankana na ciki. Ɗacinsa kaɗan ne, baurinsa kaɗan ne, kuma yana da laushi a baki wanda ya fi na ruwa nauyi. Shou Mei ya fi garɗi, yana karkata zuwa ɗanɗanon busasshen ganye da dabino. Ina ba duk mai son fahimtar waɗannan haɗe-haɗe shawara ya nemi ko da giram 20 ne na Bai Mudan tsura, ya sha shi kwana uku a jere, kafin ya yanke wa kowane haɗi hukunci.

Shin gutsattsarin 'ya'yan itacen da ake gani a cikin ganyen su ne ke ba da ƙamshin?

Mafi yawan lokuta ba su ba ne, kuma wannan ita ce gaskiyar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Busasshen mangwaro ko tuffa ba ya sakin wani abin kirki a cikin ruwa mai matsakaicin zafi cikin minti uku. Kowa zai iya gwada wannan a gida: a zube cokali biyu na haɗin a kan farin faranti, a tsince gutsattsarin 'ya'yan itacen gefe guda, a jiƙa su su kaɗai a kofi. Na taɓa yin haka da wani haɗi da aka rubuta mangwaro a jikinsa da manyan haruffa. Gutsattsarin da na tsince, da na tauna su, ashe yawancinsu tuffa ce, ruwan da suka bayar kuma kusan salam ne. Ganyen da na bari shi kaɗai kuwa ya cika ɗakin da ƙamshin mangwaro. Dalili shi ne ana fesa wa ganyen ruwan ƙamshi a cikin wata ganga mai juyawa, a rufe shi ya kwana ya sha, sannan a zuba 'ya'yan itace da furanni domin ido ya gani ya gamsu. A shayin da ke cikin ƙananan jakunkunan takarda kuwa, sau da yawa ƙamshin yana zuwa ne a matsayin ƙananan ƙwayoyi da ke narkewa idan ruwa ya taɓa su.

Wannan ba ha'inci ba ne muddin an rubuta shi a jerin kayan haɗi, kuma a nan ne karatun kwali yake da amfani. Ana jera kayan haɗi ne bisa nauyi, mafi yawa a farko. Idan tuffa ko zoɓo ne ya zo kafin farin shayi, to abin da ke hannu shayin 'ya'yan itace ne da aka ɗan yayyafa wa farin shayi domin a ƙara masa kuɗi. A dokar Tarayyar Turai, ba a yarda a rubuta cewa ƙamshi na asalin wani ɗan itace ne ba sai idan aƙalla kashi 95 cikin 100 nasa daga wannan ɗan itacen aka samo shi. Idan aka rubuta ƙamshi na halitta kawai ba tare da ambaton ɗan itacen ba, to yana iya fitowa daga wasu tsirrai dabam da aka haɗa su har suka yi kama da shi.

Akwai tsohuwar hanya da ta bambanta da wannan, wadda ake bi a birnin Fuzhou wajen yin shayin yasmin: ana shimfiɗa ɗanyen fure a tsakanin ganye da dare, a tsince shi da safe, a sake da sabon fure sau da dama. Shayin da aka yi wa haka ƙamshinsa yana shiga cikin ganyen ne, shi ya sa yake daɗewa. 'Ya'yan itace masu ruwa ba sa karɓar wannan hanya cikin sauƙi, domin danshinsu yana jawo fumfuna.

Me ya sa ruwan wasu haɗe-haɗen yake yin ja, ga tsami kamar zoɓo?

Domin zoɓon ne. Masu haɗa shayi a Turai, musamman a Jamus inda birnin Hambug ya daɗe yana cibiyar cinikin shayi, suna amfani da busasshen zoɓo wajen ba haɗin rumman ko na sitoroberi launin ja da tsamin da mai sha ke tsammani daga ɗan itace. Sudan da Najeriya suna cikin manyan masu fitar da shi zuwa kasuwannin duniya, kuma manoman Jigawa da Kano sun san buhunan da ke tafiya tashar jiragen ruwa bayan kaka. Ba abin mamaki ba ne a sayi kwali mai tsada daga waje a tarar da amfanin gonar gida a cikinsa.

Zoɓo yana da ƙarfi fiye da farin shayi nesa ba kusa ba. Ɗan ƙanƙani yana ba ruwan launi mai kyau kamar na ƙunshin lalle da bai gama kamawa ba, ya kuma farkar da baki. Idan ya yi yawa, tsaminsa yana binne zaƙin ganyen gaba ɗaya. A ganina, duk haɗin da ruwansa ya yi ja wur cikin minti ɗaya ya bar sahun farin shayi, ko da me aka rubuta a jikinsa.

Me ya kamata a duba kafin a zuba ruwa?

A zube kaɗan a tafin hannu. Ana so a ga ganye cikakku masu launin kore-kore da toka-toka da ruwan ƙasa a gauraye, da toho masu gashin azurfa jefi-jefi. Idan gari ne da karmami, to ɗacinsa zai fito da wuri. A sansana shi sau biyu: da farko a bakin kwalin, sannan a ɗumama kofi da ruwan zafi, a zubar, a sa busasshen ganyen a ciki, a rufe na daƙiƙa 30 a buɗe. Ɗumin yana fitar da abin da ke ɓoye. Ƙamshi mai kyau yana tuna wa mutum ɗan itacen da aka yanka yanzu, kuma a bayansa ana jin ƙamshin ganye. Wanda bai yi kyau ba yana kama da alawar yara ko cingam, yana soke hanci, wani lokaci har da maiƙo a yatsu. Kafin a ɗiba a riƙa girgiza kwalin, domin 'ya'yan itacen sun fi ganyen nauyi, suna taruwa a ƙasa.

Wane zafin ruwa ya dace, ganye nawa, kuma minti nawa?

Zafin da ya dace yana tsakanin digiri 75 zuwa 85 a ma'aunin Salshiyos. Ruwan da ke tafasa yana kai digiri 100 a ƙasa mai kwari, yana raguwa zuwa wajen 96 a wuri mai tudu irin Jos, kuma duka biyun sun yi wa haɗi mai ƙamshi yawa. Farin shayi tsura, musamman tsohon Shou Mei, yana iya jure tafasasshen ruwa, har ma a Fujian akan dafa shi a buta. Amma ƙamshin da aka fesa yana bin tururi ya gudu, sai a ji shi ya cika ɗaki, kofin kuma ya rage da ɗaci.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi yana da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce sirki: kashi uku na tafasasshen ruwa, kashi ɗaya na ruwan randa, wannan yana sauko da shi zuwa wajen digiri 80. Ta biyu ita ce kallon gindin tukunya yayin da ruwa ke ɗaukar zafi. Idan ƙananan kumfa suka fara tsatstsafowa suna manne a ƙasa, waɗanda Sinawa ke kira idon ƙaguwa, to lokacin sauke shi ya yi. Idan suka yi girma suka fara hawa a jere, an wuce.

Game da yawa, giram 2 zuwa 3 ne ga kofi mai cin mililita 200. A kula cewa ganyen farin shayi yana da girma amma ba nauyi, saboda haka cokalin shayi ɗaya da ya isa ga baƙin shayi ba zai isa a nan ba. Sai an cika cokali biyu har da tozo. Yawancin waɗanda ke ƙorafin cewa farin shayi lami ne, ganyen ne suka yi wa ƙwauro. Lokaci kuwa minti uku ne a jiƙon farko, a rufe kofin da murfi ko ƙaramin faranti, sannan a tace shi duka. Barin ganye a cikin buta ana zuba kaɗan-kaɗan yana sa kofin ƙarshe ya yi bauri. Idan da hali a yi amfani da tangaran ko gilashi, domin butar ƙarfe da aka saba dafa citta da kanumfari a cikinta ba ta rabuwa da ƙamshinsu, filas ma haka.

Shin irin ruwan da aka yi amfani da shi yana da tasiri?

Ƙwarai kuwa, fiye da yadda yake yi a shayi mai kauri. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi, wanda ke barin farin dafi a gindin tukunya, yana dusashe launin shayin, ya sa wata 'yar yana ta taso a samansa, ya kuma danne zaƙinsa. Ruwan famfo mai warin magani ya kamata a tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana kafin a yi amfani da shi. Idan mutum yana so ya yi wa sabon shayi adalci a gwajin farko, ya sayi ruwan gora marar ɗanɗano, daga baya ya gwada da na gida ya ji bambancin.

To yaya ake ɗanɗanawar ita kanta?

Masu sana'ar ɗanɗana shayi suna da ƙa'ida, har ma hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta rubuta ta a ƙarƙashin lamba ISO 3103: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a jiƙa baƙin shayi na minti shida. Wannan tsauri an yi shi ne domin a tilasta wa ganye ya fito da aibinsa, ba domin jin daɗin sha ba. Mai ɗanɗanawa a gida abin da zai ɗauka daga gare su shi ne tsari: ido, hanci, sannan baki, kuma kowane lokaci da ma'auni iri ɗaya.

Bayan an tace, a fara sansana jiƙaƙƙen ganyen tun yana tururi, domin a nan ne ake gane ko akwai ƙamshin shayi a ƙarƙashin na ɗan itace. Sannan a bar ruwan ya huce har ya zama ana iya riƙe shi a baki ba tare da ƙuna ba; harshen da ya ƙone ba ya jin komai sai zafi. A ɗibi cokali guda a zuƙa da ƙarfi tare da iska, har a ji ƙara. A gaban baƙi wannan rashin ladabi ne, amma a wurin gwaji shi ne daidai, saboda iskar tana watsa ruwan a duk faɗin baki ta kuma tura ƙamshin ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Harshe zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da garɗi kawai yake ganewa. Abin da muke kira ɗanɗanon mangwaro aikin hanci ne, kuma duk mai shakka ya toshe hancinsa da yatsu ya kurɓa: mangwaron zai ɓace, abin da ya rage a baki shi ne shayin. Ina son wannan gwaji ƙwarai, domin cikin daƙiƙa biyar yana nuna ko ganyen yana da zaƙi da laushi nasa na kansa, ko ruwan ɗumi ne kawai.

Daga nan a lura da abubuwa kamar haka. Wanne ne ya fara isowa, ɗan itacen ko ganyen, kuma suna tafiya tare ne ko ɗaya yana tsaye a kan ɗaya? Akwai bauri, irin wanda ɗanyar kanya ke bari a dasashi, kuma kaɗan ne mai wartsakarwa ko mai ɗaure baki? Bayan an haɗiye, me ya rage bayan minti guda? Haɗi mai kyau yana barin zaƙi mai sanyi a maƙogwaro. Marar kyau yana barin wani abu kamar turare a ganɗa, wanda ke sa mutum ya nemi ruwa. Kada a yi gwaji bayan cin yaji ko goro, ko bayan goge baki da man goge haƙori, ko kuma lokacin mura da ta toshe hanci a hunturu.

Ana iya sake jiƙa ganyen, ko sau ɗaya ne?

Ana iyawa, kuma a nan ne hukuncin gaskiya yake. Bai Mudan mai kyau yana ba da jiƙo uku, ana ƙara minti ɗaya a kowanne. Ƙamshin da aka fesa yana saman ganye ne, saboda haka mafi yawansa yana tafiya da ruwan farko. A jiƙo na biyu ya ragu sosai, a na uku kusan babu shi. Hausawa suna cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma haka lamarin yake a wannan kofi. Idan ganyen na kirki ne, jiƙo na biyu shi ne ya fi daɗi, domin ɗan itacen ya ja baya ya ba zumar ganyen wuri, na uku kuma ya koma farin shayi tsura mai ɗan tunin mangwaro daga nesa. Idan kuwa ganyen tsoho ne ko na ƙasa-ƙasa da aka rufe aibinsa da ƙamshi, jiƙo na biyu zai fito kamar ruwan da aka jiƙa takarda a ciki. Ba na sayen haɗi karo na biyu sai ya ci wannan jarrabawa. A sake jiƙawa a rana guda, kada a bar jiƙaƙƙen ganye ya kwana a zafi.

A sa sukari ko madara?

A kurɓi rabin kofin farko ba komai, domin a san abin da aka saya. Bayan haka, rabin cokali na sukari ko ɗigon zuma yana fito da ƙamshin ɗan itace, kuma ban ga laifin wanda ya sa ba. Zuma mai duhu dai tana da ƙamshinta mai ƙarfi da ke rinjayar komai. Madara kuwa ba ta dace ba: tana shafe ɗanɗanon ganyen, kuma idan akwai zoɓo a haɗin, tsamin yana tsinka ta a kofi.

An ce farin shayi ba shi da sinadarin hana barci. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Yana da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa, kuma toho da ƙananan ganye su ne ma suka fi ɗauke da shi a jikin itacen, domin da shi tsiron ke kare sabon ganyensa daga ƙwari. Abin da ke sa kofin farin shayi ya yi sauƙi shi ne ruwa marar zafi sosai da gajeren jiƙo, sannan a haɗi mai 'ya'yan itace wani ɓangare na nauyin ba shayi ba ne. Yawanci ba ya kai kofin gahawa, amma mai wahalar barci ya guje shi bayan la'asar. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce miligiram 400 na kafeyin a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, ga mai juna biyu kuma iyakar ita ce miligiram 200, a haɗa da na goro da lemon kwalba mai kafeyin. Wani abin lura kuma shi ne sinadarin da ke ba shayi bauri yana rage yadda jiki ke tsotsar ƙarfen jini daga hatsi da ganyaye, saboda haka mai ƙarancin jini ya ba da tazarar sa'a guda tsakanin abinci da shayi. Alƙawuran da ake rubutawa a wasu kwalaye na rage ƙiba ko gyaran fata, talla ce. A sha shi domin daɗinsa.

Akwai abin da zai sa Musulmi ya yi hattara da ruwan ƙamshin da ake fesawa?

Tambaya ce mai kyau. Ruwan ƙamshi yana buƙatar abin da za a narkar da shi a ciki, kuma masana'antu suna amfani da man tsirrai, ko wani sinadari da ake kira furofilin gilaikol, ko kuma etanol, wanda shi ne sinadarin da ke cikin barasa. Ɗan kaɗan ake fesawa, kuma yawancin etanol ɗin yana bin iska yayin da ganyen ke bushewa. Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya nemi kwali mai tambarin halal, ko ya rubuta wa kamfanin ya tambaya, hukuncin kuma ya koma ga malamansa. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi farin shayi tsura a haɗa da kai: yankan ɗanyen mangwaro nunanne ko 'ya'yan rumman da aka ɗan murƙushe, a sa a kofi bayan an tace.

Yana yin daɗi da sanyi?

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, ni na fi son sa a haka. A zuba giram 8 zuwa 10 a lita ɗaya ta ruwan sanyi mai tsabta, a rufe, a sa a firji na sa'a shida zuwa takwas, a tace. Ruwan sanyi ba ya fitar da ɗaci da bauri sosai, ƙamshin kuma ba ya samun tururin da zai bi ya gudu, saboda haka ɗan itacen yana fitowa a tsabtace. A shanye cikin kwana guda, idan kuma wuta ta ɗauke firjin ya huce, kada a ajiye shi.

Yaya ake adana shi, kuma har yaushe yake kaiwa?

Mutanen Fuding suna da wani zance game da farin shayi: shekara ɗaya shayi ne, shekara uku magani, shekara bakwai dukiya. Wannan ya shafi farin shayi tsura ne, wanda ake matse shi kamar waina a ajiye yana ƙara zaƙi da duhu. Haɗi mai ƙamshi ba ya cikin wannan lissafi. Ƙamshinsa yana raguwa daga ranar da aka buɗe shi, busassun 'ya'yan itacen kuma suna jan danshi, musamman da damina. A sayi kaɗan, giram 50 ya isa, a shanye cikin wata shida.

A zuba shi a gwangwani mai murfi da ke kamawa sosai, nesa da rana da murhu. Kwalbar gilashi a kan taga tana da kyaun gani, amma haske yana kashe ganyen. Babban abin tsoro shi ne wari, domin busasshen ganyen shayi yana shan duk abin da ke kusa da shi. Na taɓa ajiye wani haɗi mai rumman a cikin kabad ɗin da ake sa turaren wuta, a leda da aka ɗaure da kyau, bayan mako biyu na dafa shi na ji sandal da hawi a kofin, rumman kuwa babu labarinsa. Daddawa da yaji da sabulu duk haka suke yi masa. Kada kuma a sa haɗi biyu masu ƙamshi dabam a gwangwani ɗaya a jere ba tare da an wanke shi an shanya shi ya bushe sarai ba, domin ƙamshin na farko yana maƙalewa a murfin, musamman idan akwai roba a bakinsa.